Ɗamarar Rumbuna

Garagumsa, farkon watan Jimada Lahir, shekara ta 1271

Da sunan Allah. Daga Nomau ɗan Ɗanjuma zuwa ga Baffa Alkasum baduku, a Birnin Damagaram. Gaisuwa da ban girma. Malam Illa limaminmu ne ke rubutawa, ni ina faɗa, saboda haka in ka ga magana ta yi laushi, aikinsa ne.

Muna lafiya. Matata Shatu ta sauka, an samu mace, uwa da 'ya suna ƙalau. Tarin da ya kama yara lokacin sanyi ya tafi. Habu mai kanwa, wanda zai kawo maka takardar nan, ya gaya mana ƙafarka ta kumbura har ba ka zuwa masallacin Juma'a sai da sanda. Allah ya sawwaƙe. Ina gaida ƙanwata Wasila.

Bayan haka, Baffa, maganar ciyawa ce ta sa na aiko. Ka san bara an yi ruwa har ya ishe mu. Gero ya yi, rumbunan gidanmu cike suke har wuya, kuma abin da za mu ci har kaka da abin da za mu shuka duk yana cikinsu. Amma ruwan da ya ciyar da gero shi ya ciyar da daji. Gamba ta fi ni tsawo. Fulani ba su sauko da shanu ba bana, an ce tsoron mahara ya sa suka bi ta kudu, don haka babu bakin da ya taɓa ta. Daga bayan rumbuna har inda ido ya tsaya ciyawa ce, ta bushe ƙayau. In ka taka ta sai ta karye a ƙarƙashin ƙafa.

Kakanninmu sun kafa rumbuna a bayan gari don kada wutar murhu ta same su. Bana dabarar ta juye mana, rumbunan zana suna tsaye a tsakiyar makamashi.

Sanyi kuma ya janye da wuri. Da safe iska takan ɗan lafa, amma hantsi na yi iskar gabas take tashi, da rana tsaka guguwa ta yi ta yawo a fili. Gawo yana nan da ganyensa shar, bai fara zubarwa ba, wato ruwa da saura. Ina ganin bazarar bana mai tsawo ce, mai iska.

Na san ƙa'idar gida, ba sai an tuna mini ba. Ba a sa wa ƙasar Kaka Yusufu wutar farko ta shekara sai da ƙyastunsa, kuma sai da hannun babban gida, wato kai. Kowace shekara kakan zo da kanka ka ƙyasta, mu ƙona ɗamara, faɗin dajin nan da ke kewaye da rumbuna, don in wutar daji ta zo ta tarar da toka ta tsaya. Kakan zo a tsakiyar bazara. Bana ina roƙonka kada a kai can. Yanzu ne safiya ke da sauƙi, kuma samarinmu an kira su aikin ganuwa a Birni, masu riƙe ɗanyen ganye su tsare bakin wuta ba su da yawa. Kullum aka ƙara kwana, aikin yana ƙara haɗari.

In za ka iya hawa jaki, ka zo cikin watan nan. In tafiyar za ta yi maka wuya, ka ba Habu ƙyastun ya kawo, in ƙyasta da sunanka, in mayar maka.

Allah ya ƙara maka lafiya. Ɗanka Nomau.

*

Birnin Damagaram, tsakiyar Jimada Lahir

Daga Alkasum zuwa ga ɗana Nomau, sallama da fatan alheri. Ni da hannuna nake rubutawa, ba liman a kusa da zai tausasa mini. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya. Na ba Habu 'yan takalma da laya na jaririya, aikina ne, ka duba ɗinkin ka gani ko na mai jiran mutuwa ne.

Ƙafa da sauƙi. Habu ya cika ƙarin gishiri. Wanzami ya yi mini ƙaho, kumburin ya fara saɓewa, sandar kuwa don karnukan unguwa nake riƙe ta.

Na karanta takardarka, na sake karantawa, ina neman wurin da ka tambayi tsawon likkafanina, ban gani ba, ina jin Malam Illa ne ya cire. Nomau, kai yaro ne da ba ka san yadda ƙyastun nan yake sauya hannu ba? Ya fita daga aljihun Kaka Yusufu ranar da aka wanke shi. Ya fita daga aljihun mahaifina ranar da aka wanke shi. Ba a taɓa ba da shi aro ba, ba a taɓa ɗora shi a bayan takarkarin mai kanwa ba. Ka ji an ce ƙafata ta kumbura, sai ka aiko a karɓo. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka fara kai ka kallon ɗamara.

Batun ciyawa kuma, ban ce ƙarya kake ba, amma ka gaji ubanka. Ɗanjuma, Allah ya ji ƙansa, in ya hangi hayaƙin tuwon maƙwabta sai ya sunkuci tulu. Mu ma a nan muna da idanu. Maƙwabcina Malam Suma'ila mai hisabi ya ƙidaya taurarinsa, ya ce bana damina za ta yi sammako, iskar ruwa za ta juyo tun tauraruwar Kaza ba ta faɗi ba. Fataken da suka iso daga Kano sun ce sun baro gizagizai a kudu. Wani mai kifi daga Gidimuni ya ce tafkinsu bai ja baya ba kamar yadda ya saba. In duk waɗannan sun haɗu, bazarar da kake tsoro gajera ce.

Ina da aikin sirdi a hannu, na mutumin da ba a sa shi jira. In na gama, ƙafa ta sauka, zan zo kamar yadda na saba zuwa tun kana wasan ƙasa. Ka yanko ganyen sabara, ka gyara mini ɗakin da ke kusa da rijiya. Ka ce wa Shatu ina son fura mai yaji, ba irin ta bara ba.

Kada ka taɓa wuta. Wasalam.

*

Garagumsa, ƙarshen Jimada Lahir

Daga Nomau zuwa ga Baffa Alkasum. Ina durƙushe ina gaishe ka. Takalma sun iso, ɗinkin ba shi da na biyu, Shatu tana godiya. Jaririya an sa mata Lami. Kowa lafiya, sai zafi.

Baffa, da Malam Illa ya karanta mini takardarka na kasa cin abinci. Wallahi ban yi maka fatan komai ba sai tsawon rai. Ni ƙyastun nan ba ya gabana. Wanda ya riƙe shi, shi ake kai wa ƙarar iyakar gona da rikicin aure, ni kuwa ko rikicin awakina ban gama da shi ba. Na yi wauta da na ce a aiko shi, ka yafe mini. Idona yana kan rumbuna, ban duba inda maganar za ta sauka ba.

Amma rumbunan suna nan inda suke, ciyawar ma tana nan.

Ga abin da muka yi. Ni da mata da tsofaffi mun sa hauya mun share kewayen rumbuna, gwargwadon abin da hannu zai iya. Kai ka san wannan ba ɗamara ba ce. Wutar gamba in iska ta tura ta, tsalle take yi, tana jefa guntayen ciyawa masu ci sama da kan mutum, ɗaya ya sauka a kan jinkar rumbu an gama. Mata sun sussuka iri kaɗan sun zuba a tukwane sun shigo da shi gida. Amma abincin shekara ba ya shiga tukunya, kuma garin ma zana ne da shuci.

Ban ƙaryata Malam Suma'ila ba, ya fi ni sanin sama. A ce ma ruwan ya yi sammako. Kafin ya sauko me ke zuwa? Iska mai juyawa, da walƙiya a busasshen daji. Abin da ya faɗa bai kwantar mini da hankali ba, sai ma ya ƙara tayar da shi, domin in iskar ta fara juyawa babu mai iya cewa ga inda wuta za ta nufa, ko tamu ko ta wani.

Na tambayi Malam Illa ko akwai laifi a addini in an kunna da garwashi. Ya ce bai gani a littafi ba, amma ba shi zai riƙe kaskon ba. Ga shi nan yana rubutawa yana hararata. Tsofaffin gari kuwa sun ce ba za su fito da ganye su tsare wutar da ba ta ƙyastu ba. Har yanzu suna tuna shekarar da wani ya yi gaggawa, fara ta cinye gero. Amma sun ce in kai ka yarda da bakinka, za su fito.

To, ga roƙona na biyu, kuma na auna shi kafin in faɗa. Ka riƙe ƙyastunka, kada ya bar aljihunka. Ka rubuto kalma ɗaya kawai, ka ce ka yarda. Malam Illa zai karanta a bakin masallaci, in ɗebo garwashi daga murhun Shatu, mu ƙona ɗamara da sanyin safiya. In ka warke ka zo ka ƙyasta ta sassabe a gonaki, kowa ya gan ka.

Ina jin tsoro, Baffa. Ba na jin kunyar faɗa. Yara suna wasa a gindin rumbuna, ni kuwa ina tsaye ina shaƙar iska kamar kare.

Ɗanka Nomau.

*

Birni, ganin watan Rajab

Zuwa ga Nomau. Lafiya lau muke. Ƙafar ta ɗan sake kumbura, amma ba abin faɗa ba ne.

Da farko ka ce a aiko maka ƙyastu. Yanzu ka ce ma ba a bukatarsa, garwashin mai jego ya isa. Ban san wacce ta fi zafi ba.

Na yafe maka ta farko, tunda ka nema. Ta biyun nan kuwa bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifina ya baro Garagumsa ya zo Birni koyon dukanci, ni a nan aka haife ni. Ba ni da kunya ɗaya ta gero a can, ba ni da akuya. Yaranku in sun gan ni ba su san ko ni wane ne ba, sai an ce musu ga mai ƙyastu. Abin da ya haɗa ni da ku ke nan, safiya ɗaya a shekara. In aka kunna bana da garwashi, rumbuna suka tsira, baɗi wa zai aiko a kira ni? Kai ma ka sani babu.

Sirdi ya kusa. Ina zuwa. Ka jira ni.

Alkasum.

*

Garagumsa, kwanakin farko na Rajab

Daga Nomau zuwa ga Baffa. Gaisuwa. Da ranmu da lafiyarmu, amma ba wanda ke barci da kyau.

Takardarka ta sa ni hawaye, kuma da abin da ya faru bai faru ba, da na yi shiru na jira ka ko zuwa yaushe ne.

Wuta ta tashi a arewa da mu. An ce masu cin zuma ne suka bar bakin wuta a gindin itace. Ta cinye wata tunga ƙurmus, rumbu ko ɗaya bai tsira ba. Mutanenta sun iso nan da abin da ke jikinsu, wata tsohuwa tana rungume da turmi, ba ta san ma ta ɗauko shi ba. Muna ciyar da su daga rumbunanmu. Allah ya sa iskar ranar ta kai wutar yamma, ta wuce mu. Duk da haka toka ta yi ta sauka a tsakar gida, har a kan zanen Lami. Da iskar ta karkata kaɗan, da mu ne ke neman wanda zai ba mu tuwo.

Tsofaffin da suka ƙi jiya, yau su ke zuwa ƙofata suna tambaya ko ka aiko.

Baffa, na fahimci abin da ya sa ba za ka iya cewa ka yarda ba. Ba zan ƙara tilasta maka faɗar abin da zai ƙona maka baki ba. Ga yadda za mu yi. Zan jira har watan nan ya cika, wato daren sha huɗu. In ka iso, alhamdu lillahi, kai za ka ƙyasta. In ka aiko ka ce a'a, zan bi, in bar wa Allah rumbunan. In kuwa na ji shiru, zan ɗauka ka ba ni izini ba tare da ka furta ba, kuma ba wanda zai taɓa cewa Alkasum ya saki ƙyastu da bakinsa. Zan ce ni na yi gaban kaina, laifin ya hau kaina.

Baɗi kuwa ni da kaina zan zo Birni da jaki in ɗauko ka, ko kana so ko ba ka so.

Na roƙi Habu kada ya tsaya ko'ina.

Nomau.

*

Birni, daga Wasila 'yar Alkasum zuwa ga Yaya Nomau

Sallama. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, mai raƙumin da zai bi hanyar arewa zuwa Tasawa yana jira a ƙofa, ya yi alkawari zai ratse ya miƙa maka.

Baba ya taho wurinku. Takarkarin Habu ya gurgunce a hanya, takardarka ba ta iso ba sai shekaranjiya, wata ya riga ya kusa cika. Baba ya karanta, ya ninke, ya ce ashe yanzu wa'adi ake ba shi kamar mai laifi. Na ce masa ba haka kake nufi ba, na ce ya rubuta maka ko da a'a ce. Ya ce babu takardar da za ta riga shi isa, kuma shi ba zai yi maka shiru ba, ba zai ce maka a'a ba, da ƙafarsa zai amsa.

Yaya, ƙafar nan ba ta warke ba. Duk abin da ya rubuto maka a kanta, rage rabi. Sirdin ma ya daɗe da gamawa, ƙafar ce ta hana shi tahowa, ya ƙi faɗa. Jiya da asuba sai da mutum biyu suka ɗora shi a kan jaki. Ya bi wasu masu tukwane da za su ci kasuwa a Dakusa. Daga can ya ce shi kaɗai zai ƙarasa, wai ya san hanyar fiye da tafin hannunsa, zai yanke ta cikin daji ya ɓullo muku ta gabas.

Don Allah kada ka kunna komai. Ka fito ka tarye shi. Yana da gora ɗaya ta ruwa, kuma in ya sauka daga jakin nan ba ya iya hawa shi kaɗai.

Ka aiko mini da zarar ka gan shi.

*

Garagumsa, bayan cikar wata

Daga Nomau zuwa ga ƙanwata Wasila. Baba yana da rai. Na fara da wannan don kada ki karanta sauran da tsayayyen numfashi. Yana nan a ɗakin kusa da rijiya, yana magana, yana sha. Amma ya ji ciwo, kuma ni ne sanadi. Zan gaya miki yadda aka yi, ba ragi.

Wata ya cika, ba takarda, ba Baba. Na ɗauka shirun nan amsa ce, har na ji ina gode masa a raina. Da gari ya waye iska ta kwanta, sai ɗan motsi daga gabas kamar kullum. Muka fito, maza da mata, kowa da ɗanyen ganye. Na ɗebo garwashi, na yi bisimilla, na sa. Aikin ya tafi daidai. Muka ƙona yamma, muka ƙona kudu da arewa, muka bar gabas a ƙarshe, domin a can iskar na turo wutar cikin inda aka riga aka share, ta mutu da kanta. Mafi yawan masu ganye na sa su a yamma.

Muna gefen gabas ne, hantsi ya ɗaga, iskar ta tsaya cak. Sai na ji ta a ƙeyata. Daga yamma take, mai ɗumi, mai ƙanshin ƙasa, irin wadda ke zuwa gaban damina. Malam Suma'ila ya faɗi gaskiya, ta yi sammako, ruwan ne kawai ba ta kawo ba. Kafin mutane su zagayo, wutar ta haye ta shiga gamba. Mun bi ta da ganye har gashin girarmu ya ƙone, ta fi mu gudu. Ta miƙe gabas, faɗinta na ƙaruwa.

Muka tsaya muna kallo. Rumbuna suna bayanmu lafiya, a tsakiyar baƙar ƙasa. Na ce a raina gabas babu tunga, babu garke, sai daji har tudun yashi, a can za ta mutu. Har mata sun fara guɗa. Muna komawa gari da azahar mai raƙumi ya iso da takardarki.

Ban san lokacin da na fita ba. Ni da Malam Illa da wasu maza biyu muka bi bayan wutar da salkar ruwa. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, kututtura suna hayaƙi, ga gawar zomaye da kunkuru. Duk baƙin abin da na hango sai in ruga in duba. Ina kira, muryata ta dishe.

Da la'asar muka same shi kusa da busasshen tafkin nan mai gawo. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da jakin, ya lulluɓe kan jakin da rigarsa. Daga baya ya gaya mana yadda ya yi. Da ya ga hayaƙi ya tare yamma duka, ya san jaki ba zai tsere ba, shi kuma ba ya iya gudu. Sai ya zamo ƙasa, ya juya wa wutar baya, ya ciro ƙyastun, ya kunna ciyawar da ke gabansa, iska ta tafi da ita gaba, don ya samu ƙonannen wuri ya shiga kafin babbar ta iso. Amma wurin ya yi ƙanƙanta, lokaci kuma babu. Sai ya riƙa cizgo ciyawa mai ci da hannu, yana jan gindi yana watsa ta hagu da dama, har wurin ya buɗe. Ya ja jakin suka shiga tsakiya. Babbar wutar ta zo ta rabu biyu ta wuce su.

Hannayensa ne, Wasila. Duka biyun, tafi da yatsu.

Na durƙusa a gabansa. Ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, “Wutar wa ce?”

Na ce, “Tawa ce, Baffa.”

Sannan ya ce, “Rumbunan fa?”

Na ce suna tsaye, ko ɗaya bai taɓu ba.

Ya ce, “To ba ni ruwa, ka tsaya kana kallona.”

Na goyo shi har gida. Jummai, tsohuwar da ke yi mana maganin ƙuna, ta wanke hannayen, ta shafa abin da ta shafa, ta naɗe. Ta ce zai rayu in zazzaɓi bai shiga ba, kuma yau kwana ya wuce bai shiga ba. Da na bi ta waje na tambaye ta yatsun, sai ta ce in roƙi Allah, ta tafi.

Wutar ta mutu a tudun yashi, ba ta taɓa kowa ba sai shi. Ban san da wace fuska zan dube ki ba. In kina so ki zo, zan aiko a ɗauko ki.

Yayanki Nomau.

*

Garagumsa, ƙarshen Rajab

Daga Alkasum zuwa ga 'yata Wasila. Allah ya yi miki albarka. Malam Illa ke riƙe da alƙalami, na ce masa in ya tausasa ko kalma ɗaya zan sani.

Ina samun sauƙi. Ƙafar da ta jawo duk wannan ta saɓe, tunda ba inda nake zuwa. Zazzaɓi bai zo ba. Kada ki taho cikin zafin nan, ki bari a yi shuka.

Ki ba Gana maƙwabcinmu fatun da ke rataye a zaure, da aikin da na fara, ya ƙarasa wa masu shi. Basillata da wuƙaƙena ki shafa musu mai ki naɗe, ki sa a ƙasan adaka. Jummai ta kwance hannun jiya na gani. Ba sai an ɓoye mini ba, na yi shekaru ina aikin fata, na san wadda za ta koma da wadda ba za ta koma ba. Na yi kuka, sau ɗaya, ya isa.

Kada ki riƙe Nomau a zuciya. Ya roƙe ni sau uku, ni kuwa ina can ina auna girmana. Shi ma kada ki ce masa ba shi da laifi, ba zai yarda ba, sai ki ƙara masa nauyi. Ki gaishe shi kawai kamar yadda kika saba.

Har yanzu ba ruwa. Iska tana juyawa yadda ta ga dama, shekaranjiya wata wutar ta taso daga kudu, ta zo har bakin ɗamara, ta tarar da toka, ta tsaya. An fito da ni ƙofar gida na gani da idona.

Yaran gidan nan yanzu sun san sunana, sun dame ni da shi tun safe. Furar Shatu har yau ba yaji.

Abu ɗaya ne ke damuna. Ba na iya ɗaukar loma. Shatu ta ce za ta riƙa ba ni, Nomau ya hana, ya ce aikinsa ne. Safe da yamma yakan bar abin da yake yi, ya wanke hannu, ya zauna a gabana da akushi, ya gutsuro tuwo ya sa mini a baki. Geron rumbunan nan ne, mai kyau, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Na gaya masa haka. Na zage shi, na yi masa ba'a, na ba shi labarin wautar ubansa. Yana ba ni, yana kallon akushi. Har yau, Wasila, yaron nan bai ɗaga kai ya dubi fuskata ba.